Me ya sa Bayahude ba ya iya yin idinsa shi kaɗai?

Na yi shekara biyu a wata unguwa ta arewacin Landan, inda yawancin maƙwabtana Yahudawa ne masu riƙon addini. Ga abin da mutanenmu suka fi tambayata game da bukukuwansu.

Da wane lissafi suke sanin ranar idi?

Da wata suke lissafi, amma sukan ƙara wata na 13 har sau 7 cikin kowace shekara 19, don kada idi ya kauce wa lokacinsa na shekara. Watan da ya fi nauyi shi ne Tishri: sabuwar shekara a farkonsa, Ranar Kafara ran 10 ga wata, wadda suke azumin kusan awa 25 ba ci ba sha, sai Idin Bukkoki daga ran 15.

Bukkoki kuma, a tsakiyar birni?

Ƙwarai kuwa. Kowane gida yakan kafa rumfa a waje, a rufe samanta da rassa ko kara, ba cif-cif ba, yadda za a hango taurari. Kwana 7 a ciki ake cin abinci, don tunawa da shekara 40 da Bani Isra'ila suka yi a jeji bayan fitowarsu daga Masar. Maƙwabcina ya taɓa gayyatata. Ga sanyi, kowa da rigar sanyinsa, zanen yara na rataye a jikin katako, ana miƙa miya mai zafi hannu zuwa hannu. Wani ɗalibi da ba shi da fili a masaukinsa ya shigo, aka matsa masa wuri ba tare da an tambaye shi daga ina yake ba. Abin ya taɓa zuciyata sosai, don rumfar da ba ta da ƙofar kullewa ba ta iya hana baƙo.

To mutum ba zai yi ibadarsa a ɗaki ya huta ba?

Wasu addu'o'in ba sa yiwuwa sai an cika baligai goma, abin da suke kira minyan. Har addu'ar da mai makoki ke yi bayan rasuwar iyayensa tana cikinsu. Ka ga ke nan wanda aka yi wa rashi dole ya fito cikin jama'a, su ma dole su zo masa. Na sha ganin ana ƙwanƙwasa ƙofa da sassafe ana neman na goma.

Asabar ma haka take. Daga faɗuwar ranar Juma'a har fitowar taurari ran Asabar, masu kiyayewa ba sa tuƙa mota, shi ya sa suke neman gida kusa da majami'a, inda ƙafa za ta kai su. A haka unguwa take haɗuwa.

Yara fa, ina rabonsu?

A daren Idin Ƙetarewa, wato idin tunawa da fitowar Bani Isra'ila daga Masar, da ake cin gurasa marar yisti, autan gida ne ke miƙewa ya yi tambayoyi huɗu, yana neman sanin abin da ya bambanta wannan dare da sauran darare. Sai manya su ba shi labarin Annabi Musa da Fir'auna. Yarinyar maƙwabcina, 'yar shekara biyar, ta yi mako guda tana bitar nata a bakin ƙofa, har ni ma na riƙe karin.