Me ya sa sabon sinadarin sola ke tsoron ruwa?

Masu haɗa sola a Jos da ɗaliban kimiyya sun sha jin labarin ferobskait, wanda ake cewa wata rana zai ƙwace kasuwa daga hannun silikon, abin da aka saba yin faifan sola da shi. Ga amsoshin tambayoyin da suka fi yawan yi.

Wane irin abu ne, kuma me ake nufi da mai hawa-hawa?

Semikondakta ne, wato abin da ke barin lantarki ya bi ta cikinsa a wasu yanayi kawai, da ake haɗawa a ɗakin gwaji daga dalma, aidin da wasu ƙwayoyi masu kabon. A 2009 Tsutomu Miyasaka na Japan ya fara gwada shi a sola, ya mayar da kashi 3.8 cikin ɗari na hasken rana lantarki. Yau an haura kashi 25. A nau'in mai hawa-hawa, ana samun siririyar shimfiɗar dalma da aidin, sai shimfiɗar ƙwayoyin kabon masu dogon wutsiya, sai wata ta dalma, haka har sama.

To ina ruwa ya shigo?

Ta hanyar yadda ƙwayoyin suka riƙe juna. Ƙwayar kabon ba a ɗaure take da ginin dalma ba. Caji ne kawai ke jan su, ita tana da na ƙari shi yana da na ragi, sai ɗan raunanan haɗin haidirojin. Irin wannan riƙo ne a cikin gishiri, kuma kowa ya san abin da damina ke yi wa gishirin da aka bari a buɗe. Ƙwayar ruwa tana da caji ta ɓangarori biyu, sai ta kutsa tsakani, ta kama ƙwayar kabon ta janye ta. Da ido ma ana gani: fim ɗin, wato siririn shafen ferobskait, da yake baƙi wuluk sai ya fara dusashewa, ya koma ruwan ɗorawa. Abin da ya saura gishirin dalma da aidin ne, wanda ba ya tsinana komai a sola. Ba sai an tsoma shi a bokiti ba, laimar iskar Agusta a Filato ta ishe shi.

Hawa-hawan ya magance matsalar?

Ya rage ta. Wutsiyoyin kabon ba sa shiri da ruwa, don haka sukan tare shi a ƙofa. A 2014 ƙungiyar Hemamala Karunadasa ta Jami'ar Stanford ta nuna fim mai hawa-hawa da ya yi kwana 46 cikin laima bai lalace ba, alhali na asali, marar hawa-hawa, ya ruɓe. Sai dai ƙarfinsa bai kai kashi 5 ba, domin shimfiɗar da ke tare ruwa ita ce kuma ke tare lantarki. Riƙon da ke ciki bai canza ba, ruwa na iya bi ta gefuna da tsaguwa. A ganina jinkiri aka saya.

Akwai mai hawa-hawan da ruwa ba ya ci?

Akwai, inda aka canza riƙon kansa. Misali mitirin, wanda shi ba ferobskait ba ne: shimfiɗar azurfa da seleniyom ce, ƙwayar kabon kuma a ɗaure take da seleniyom ta hanyar tarayya a ilektron. Ruwa ba shi da ƙarfin tsinka wannan. Shuɗin haske yake fitarwa, shi ya sa aka fi hango shi a fitilu da na'urorin gano haske.

Kuzar Jos fa, ba za ta maye gurbin dalma ba?

Ana gwadawa, domin dalma guba ce, kuma yaran da ta kashe a Zamfara a 2010 sun ishe mu gargaɗi. Amma ferobskait na kuza ya fi saurin lalacewa: iskar oksijin ce ke ƙwace masa ilektron, laima kuma ta ƙara wa lalacewar gudu.

In jira shi, ko in sayi faifan silikon?

Ka sayi silikon. Kamfanin Oxford PV ya fara sayar da faifan da aka ɗora ferobskait a kan silikon a 2024, a rufe cikin gilashi, amma garantin shekara 25 da ake bai wa silikon ya ginu ne kan faifan da suka daɗe suna shan ruwa da rana a kan rufi.