Waiwaye: William Hall, ɗan bayin da ya samu lambar Victoria Cross a Lucknow

A watan Mayun 2024 rundunar sojan ruwan Kanada ta ƙaddamar da wani sabon jirgin sintiri a birnin Halifax, ta raɗa masa suna HMCS William Hall. Mai sunan ya rasu shekara 120 kafin wannan rana, kuma lokacin da aka binne shi ko alama ba a sa wa kabarinsa ba. Shi ne baƙar fata na farko da ya samu Victoria Cross, lambar jarunta mafi daraja a sojan Birtaniya.

Iyayensa, Jacob da Lucy Hall, bayi ne a jihar Maryland ta Amurka. A yaƙin da ya ɓarke tsakanin Amurka da Birtaniya a 1812, Ingilishi sun yi shelar cewa duk bawan da ya gudo wurinsu ya zama ɗa. Jacob da Lucy suna cikin waɗanda suka tsere, jiragen yaƙin Birtaniya suka kai su Nova Scotia, a ƙasar Kanada ta yau. A can aka haifi William a 1827, a yankin Horton. Ya taso a bakin ruwa, ya yi aiki a wurin ƙera jirage a Hantsport, ya shiga jiragen 'yan kasuwa tun yana saurayi, har ya ɗan taɓa aiki a sojan ruwan Amurka. A 1852 ya sa hannu a sojan ruwan Birtaniya a Liverpool, aka tura shi jirgin HMS Rodney.

Yaƙin Kirimiya ne ya fara gwada shi. Aka sauko da ma'aikatan jirgi tudu da igwoyinsu domin su taya sojan ƙasa yaƙar Rasha, Hall ya halarci gumurzun Inkerman da ƙawanyar da aka yi wa Sevastopol. Ya fito da lambobi biyu, ta Birtaniya da ta Sarkin Musulmin Turkiyya.

A 1857 yana cikin jirgin HMS Shannon ƙarƙashin Kyaftin William Peel, an nufi ƙasar Sin, sai labari ya zo cewa Indiya ta kama da wuta. Sojojin Indiya da ke yi wa East India Company, kamfanin Ingilishi mai mulkin Indiya a lokacin, aiki sun yi bore a Meerut ranar 10 ga Mayu. Abin da ya kunna wutar shi ne sabon harsashi da sai an ciji bakinsa kafin a ɗura, wanda aka ce an shafe shi da kitsen alade da na saniya, abin da Musulmi da Hindu ba za su yarda ya taɓa bakinsu ba. Amma ɓacin ran ya girmi harsashi. Shekara guda kafin nan Ingilishi sun tuɓe Wajid Ali Shah, sarkin Awadh, sun haɗiye ƙasarsa, kuma Lucknow ce fadarsa. Aka juya akalar Shannon zuwa Kalkata, mutanen Peel suka bi kogin Ganges da manyan igwoyi, daga bisani suka ja su ta ƙasa.

Ranar 16 ga Nuwamba 1857, rundunar Sir Colin Campbell tana ƙoƙarin kaiwa ga Turawan da aka ritsa da su a cikin Lucknow, sai ta ci karo da Shah Najaf, gini mai ƙubba da katanga mai kauri. Aka umarci sojan ruwa su matsa da igwa dab da katangar, taku kaɗan tsakani. Daga saman katanga ana yi musu ruwan harsashi, ma'aikatan igwar suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga Hall sai Laftana Thomas Young. Aikin da mutane da yawa ke yi, su biyu suka ci gaba da shi: a share bakin igwa, a cusa albarushi, a tura dalma, a harba, igwar ta zabura baya, a sake turo ta. Da yamma aka gano wata kafa a katangar, aka shiga, aka tarar masu tsaron sun janye.

Rubuce-rubucen Turawa sukan kira Shah Najaf masallaci, su wuce. Husainiyya ce ta 'yan Shi'a, kuma a ciki hubbaren Ghazi-ud-Din Haidar yake, sarkin da ya gina ta. Waɗanda ke bayan katangar mutane ne da aka ƙwace wa ƙasa, kuma a wannan yinin an kashe kimanin 2,000 daga cikinsu a lambun Sikandar Bagh da ke kusa. Jaruntar Hall ba abar musu ba ce, ni ma ina girmama ta. Abin da ke tsaya mini a rai shi ne, daular da ta 'yanta iyayensa ita ce ta ɗora ɗansu a kan igwa domin danne wasu. Mu ma mun san irin wannan: bayin da suka gudo Legas ne John Glover, shi ma hafsan sojan ruwa, ya tara a 1863 ya kafa rundunar da aka sani da Hausawan Glover.

An maƙala wa Hall lambar ranar 28 ga Oktoba 1859 a cikin jirgin HMS Donegal a tashar Queenstown ta Ireland. Ɗan ƙaramin gicciye ne na tagulla, da ƙyalle shuɗi irin wanda ake ba sojan ruwa a lokacin, tare da fanshon fam 10 a shekara. Ya kuma karɓi lambar yaƙin Indiya mai ɗauke da sunan Lucknow. Ya ci gaba da aiki har 1876, sannan ya koma gida Nova Scotia ya kama noma tare da 'yan'uwansa mata.

A 1901 yariman da daga baya ya zama Sarki George na Biyar ya ziyarci Halifax, ya hango lambobin a ƙirjin dattijon, ya tsaya ya yi magana da shi. Hall ya rasu a watan Agustan 1904, aka binne shi ba faretin soja. Sai bayan fiye da shekara 40 aka mayar da gawarsa harabar cocin Baptist na Hantsport, inda aka gina masa dutsen tunawa a 1947. Hotonsa ya hau kan sarki na gidan wayar Kanada a 2010, lambobinsa kuma suna ajiye a gidan tarihin teku na Halifax.