Magungunan Rage Ƙiba ga Waɗanda Aka Yi wa Dashen Sassan Jiki

Ƙiba tana daga cikin matsalolin da ke biyo bayan dashen ƙoda, hanta ko zuciya, musamman a shekarar farko. Mutumin da ya daɗe a kan wankin ƙoda, ana hana shi wannan ana hana shi wancan, da ya samu sauƙi sai cin abincinsa ya buɗe. Magungunan da ke danne garkuwar jiki don kada ta ƙi sabon sashen su ma suna da hannu: prednison yana ƙara yunwa, takrolimus kuma yana iya jawo ciwon suga. Ƙibar sai ta zo da hawan jini da ciwon zuciya, ta kuma gajiyar da sashen da aka dasa.

Tarihi

Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara shi ne wanda Joseph Murray ya jagoranta a Boston a 1954, tsakanin wasu tagwaye. Aikin bai yaɗu sosai ba sai da saiklosporin, maganin danne garkuwar jiki, ya shigo a farkon shekarun 1980. Da marasa lafiya suka fara yin tsawon rai bayan dashe, sai hankalin likitoci ya koma kan ƙiba.

Magungunan rage ƙiba na wancan zamani ba su dace da su ba. An janye fenfluramin a 1997 saboda yana lalata ƙofofin zuciya, sibutramin ma ya bi sahu a 2010. Xenical, wanda Amurka ta amince da shi a 1999, yana hana hanji tsotse kusan kashi 30 cikin ɗari na maiƙon abinci, sai dai yana rage shigar saiklosporin cikin jini, yana kuma iya haddasa tsakuwar ƙoda. Ga mai ƙoda ɗaya tilo ta dashe, wannan babban haɗari ne.

Sababbin allurai

Allurar da ke kwaikwayon sinadarin hanji na GLP-1, mai sa mutum ya ji ya ƙoshi, an fara ta ne don ciwon suga. Ta farko, a 2005, an samo asalinta daga yawun wani ƙadangare na hamadar Amurka. A Amurka an amince da allurar Saxenda don ƙiba a 2014, Wegovy a 2021, sai Zepbound a 2023. A babban gwajin Wegovy, nauyi ya ragu da kusan kashi 15 cikin ɗari a makonni 68.

Ba a kan masu dashe aka yi waɗannan gwaje-gwaje ba, kuma wannan giɓi ne da ya kamata a cike. Abin da ake da shi ƙananan bincike ne na asibitoci, waɗanda galibi suka nuna nauyi da suga suna sauka ba tare da takrolimus ya sauya sosai a jini ba. Duk da haka allurar tana jinkirta fitar abinci daga ciki, tana sa tashin zuciya da gudawa. Wanda ya yi amai jim kaɗan bayan ya haɗiyi ƙwayar danne garkuwa ta safe zai iya rasa kariyar ranar, ƙarancin ruwa a jiki kuma yana taɓa ƙoda. Shi ya sa ake farawa da ɗan kaɗan, ana ƙarawa a hankali, ana auna jini a kai a kai.

Saɓani

Ba a daidaita kan lokacin da ya fi dacewa a fara bayan tiyata ba. Nauyi yakan dawo idan an daina allurar, tsadarta kuma ta fi ƙarfin mutane da yawa.