Shin shugaban Amurka na da ikon korar alƙalin tarayya? Fashin baƙi kan batun Boasberg

Tun daga watan Maris na 2025, lokacin da Shugaba Donald Trump ya nemi a tsige Mai Shari'a James Boasberg, mutane da dama suka ɗauka cewa kwanakin alƙalin a kan kujera sun ƙare. Ba abin mamaki ba ne mai karatu a Najeriya ya yi wannan zato, domin ya ga yadda aka dakatar da Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen a 2019. Sai dai tsarin Amurka ba haka yake ba, kuma shugaban ƙasa ba shi da ikon korar alƙalin tarayya ko dakatar da shi.

Boasberg shi ne babban alƙalin kotun tarayya ta gundumar birnin Washinton tun 2023. An haife shi a 1963, ya yi karatun lauya a Jami'ar Yale, ya kuma yi aikin mai gabatar da ƙara kafin Shugaba George W. Bush ya naɗa shi alƙali a kotun birnin a 2002. Daga baya Barack Obama ya ɗaga shi zuwa kotun tarayya, inda majalisar dattawa ta amince da shi a 2011 da ƙuri'a 96 ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba. Abin da ya jawo masa fushin fadar shugaban ƙasa shi ne umarnin da ya bayar na dakatar da korar wasu 'yan Venezuela zuwa El Salvador, waɗanda aka kora bisa wata tsohuwar dokar 1798.

Sashe na uku na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya tsara matsayin alƙalan tarayya, ya shafi alƙalan kotunan gunduma irin su Boasberg, da na kotunan ɗaukaka ƙara, da na kotun ƙoli.

Inda ruɗanin yake shi ne lafazin wannan sashe da ya ce alƙali zai riƙe muƙaminsa muddin yana kan kyakkyawan hali. Wasu na fassara wannan da cewa duk wanda ya yanke hukuncin da bai yi wa gwamnati daɗi ba ya fita daga kyakkyawan hali. Ba haka aka fahimci lafazin ba fiye da shekaru 200. A aikace yana nufin alƙali zai zauna har mutuwarsa, ko ya yi murabus da kansa, ko majalisa ta tsige shi, kuma ba a isa a rage masa albashi ba yana kan kujera. Tsigewar ma ba ta da sauƙi, domin bayan majalisar wakilai ta tuhume shi da rinjaye, sai kashi biyu bisa uku na sanatoci sun same shi da laifi.

A tarihin ƙasar gaba ɗaya alƙalan tarayya 15 aka tuhuma, 8 kacal aka cire, kuma galibinsu a kan cin hanci, ko rantsuwa a kan ƙarya, ko makamantan haka. Na ƙarshensu shi ne Thomas Porteous a 2010. Tun da majalisar dattawa ta wanke Samuel Chase na kotun ƙoli a 1805, aka bar al'adar hukunta alƙali saboda ra'ayinsa na shari'a. Wannan ne ya sa Alƙalin Alƙalai John Roberts ya fitar da sanarwa bayan kiran Trump na a tsige Boasberg, abin da ba kasafai yake yi ba, yana tunatar da cewa wanda bai gamsu da hukunci ba, ɗaukaka ƙara ce hanyarsa.

Gaskiya ne cewa zama har mutuwa yana da nasa aibi, don kuwa alƙalin da tsufa ya ci ƙarfinsa ba a iya tilasta masa barin muƙamin cikin sauƙi. Amma a ganina wannan ya fi sauƙin ɗauka a kan alƙalin da ke yanke hukunci yana waiwayen fada.

Gwamnatin Trump ma a ƙarshe hanyar ɗaukaka ƙarar ta bi. A watan Afrilu na 2025 kotun ƙoli ta soke umarnin Boasberg bisa dalilin cewa ba a kotunsa ya kamata a shigar da ƙarar ba, amma ta ce wajibi ne a sanar da waɗanda za a kora, a kuma ba su damar ƙalubalantar korar a gaban kotu.