Satifiket ɗin ISO ga kamfanin gine-gine: tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Waɗannan tambayoyi na sha amsa wa 'yan kwangila su har na gaji. Ga su nan a wuri guda. ISO ƙungiya ce ta duniya mai tsara ƙa'idojin aiki, satifiket ɗin kuma shaida ce ta cewa kamfaninka yana bin ƙa'idar. Duk mai niyyar sake tambaya, don Allah ya karanta wannan tukuna.

Nawa ake sayar da satifiket ɗin?

Ba a sayar da shi. Abin da kake biya shi ne kuɗin kwanakin da masu bincike za su yi suna duba kamfaninka, kuma yawan kwanakin ya danganta da yawan ma'aikatanka da irin haɗarin aikinka. Duk wanda ya ce turo kuɗi yau gobe ka ga takarda, bai ko taka wurin gininka ba, takardar banza zai ba ka.

Mene ne bambancin 9001 da 14001 da 45001?

ISO 9001 na ingancin aiki ne, an fara fitar da shi a 1987. ISO 14001 na kula da muhalli, tun 1996. ISO 45001 na lafiyar ma'aikata da tsare rayukansu, ya fito a 2018 ya gaji tsohuwar ƙa'idar da ake kira OHSAS 18001. Mai liƙa OHSAS a takardun neman kwangila har yanzu, ya cire, tun 2021 ya daina aiki. Ukun ƙirarsu ɗaya ce, don haka ana iya haɗa su cikin tsari guda a duba su lokaci guda.

ISO ce za ta ba ni?

A'a. ISO rubuta ƙa'ida kawai take yi. Kamfanonin ba da shaida ne ke zuwa bincike, su ma akwai hukumomin da ke tantance su. Duba tambarin hukumar a jikin takardar, ka nemi sunan kamfanin ba da shaidar a IAF CertSearch, wato rumbun intanet na tantance satifiket. Kuma ka daina manna tambarin ISO a jikin tifa, ba a yarda ba.

Mun saya wa kowa hular kwano da takalmi. Ba shi ke nan ba?

Haba malam! Wannan tambayar ita ta fi ɓata min rai. A ISO 45001 matakan kare ma'aikaci biyar ne, kuma kayan kariya su ne na biyar. Farko ka kawar da haɗarin, in ba zai yiwu ba ka musanya shi da mai sauƙi, sannan ka sa shinge ko makari, sannan ka tsara yadda za a yi aikin tare da horarwa. Birkila yana jera bulo a bakin hawa na uku, bayansa ba shinge, ƙasansa rodi a tsaye, ka ce ai da hula a kansa. In ya zame, me hular za ta yi masa?

Saura mako biyu a rufe karɓar takardun kwangila, zan samu?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin masu bincike su zo, sai tsarin da kuka kafa bisa ƙa'idar ya yi aiki har an tara bayanai, kun binciki kanku, shugabanni sun zauna sun duba sakamakon. Bayan nan binciken hawa biyu ne, na takardu da na gani da ido. Maganar watanni ce.

Yawancin aikinmu ƙananan 'yan kwangila ne ke yi, leburorin ma na yini ne. Yaya za a yi da su?

To, wannan tambaya ce mai ma'ana, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. Satifiket ɗin na kamfaninka ne, ba ya zama na wanda ka ba aikin rufi ko na wuta. Ƙa'idar kuma ba ta tilasta masa ya mallaki nasa ba, sai dai in mai aikin ya gindaya haka a yarjejeniya. Amma duk abin da ya yi a wurinka yana wuyanka. Sashe na 8.4 na ISO 9001 da na 8.1.4 na ISO 45001 duk a kan haka suke magana: yadda ka zaɓe shi, abin da ka gaya masa, da yadda kake sa masa ido.

Iya yawan sa idon shi ne inda ake samun saɓani. Ƙa'idar ba ta faɗi adadi ba, ta bar shi ga girman haɗari. Mai fentin ɗaki ba a matsa masa kamar mai haƙa rami mai zurfi ko mai tuƙa injin ɗaga kaya. Wani mai binciken zai gamsu da yarjejeniya da rajistar zagaye, wani sai ya ga takardar ƙwarewar direban da ta duba injin. A ganina gara ka shirya wa mai tsananin.

Lebura kuwa, ko yini ɗaya ya zo, a idon ISO 45001 ma'aikacinka ne muddin a ƙarƙashin ikonka yake aiki. Mai bincike yakan wuce injiniya da foman, ya tsaya wajen mai shebur ya ce masa, "Wa ya yi maka bayani da ka zo? In wani ya ji ciwo, wa za ka kira?" In ya yi shiru, fayil ɗin da ke ofis ba zai cece ka ba. Abin da na ga yana aiki shi ne gajeren bayani kowace safiya, da harshen da suke ji, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Wa zai sayi kayan kariya, kai ko ƙaramin ɗan kwangilar? A rubuta a yarjejeniya, amma ka fara duba dokar ƙwadago ta ƙasarku, domin tana gaba da abin da kuka rubuta. Inda ka yi shakka, tambayi kamfanin da zai duba ka a rubuce kafin ranar.

Wanda ya rubuta mana takardun tsarin, zai iya ba mu satifiket?

Ba zai iya ba. Mai ba da shawara daban, mai ba da shaida daban.

Mu ba masana'anta ba ne, ina ruwanmu da muhalli?

Ruwan da kuka wanke injin kwaɓa kankare, ina ya bi? Baƙin man janareta da ke ɗiga a ƙasa fa? Ƙura, ƙara, tarkacen da tifa ta kwasa ba wanda ya san inda ta juye. Ruwanku ke nan.

Takardun ba za su yi mana yawa ba?

Kwantar da hankalinka. Tun bugun 2015 ISO 9001 bai wajabta ƙaton kundin inganci ba. Adana abin da gini ke buƙata: sakamakon gwajin kankare na kwana 7 da na 28, shaidar duba rodi kafin a zuba, da tabbacin cewa zanen da ke hannun foman shi ne na ƙarshe. An sha rushe bango saboda tsohon zane.

In suka samu kuskure, mun faɗi ke nan?

A'a, kusan kowa ana samunsa da shi. Ƙarami, ka kawo tsarin gyara. Babba, sai ka gyara sun tabbatar kafin a ba ka takarda. Kada dai ka ɓoye rajistar haɗurra.

Shekara nawa satifiket ɗin yake yi?

Uku. Kowace shekara suna dawowa dubawa, in suka tarar an yi watsi da tsarin, suna iya dakatar da shi ko su janye.