Abin da ya riƙa kashe mahaƙa kwal a da: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa ramin kwal ke fashewa?

Jikin kwal yana fitar da iskar metan, wadda ba ta da launi ko wari, kuma idan ta taru a lungun da iska ba ta zagayawa, tartsatsin wuta ɗaya ya isa. Mahaƙan farkon ƙarni na 19 kuwa da kyandir suke shiga. A Felling da ke arewacin Ingila mutum 92 suka mutu ta haka a 1812, kuma bala'in na cikin abin da ya kai ga masanin kimiyya Humphry Davy ya ƙera fitilarsa ta kariya a 1815, mai ragar ƙarfe kewaye da harshen wutar.

Sai dai fitilar ba ta kawo ƙarshen fashewa ba. An daɗe kafin a yarda cewa ƙurar kwal ita ma tana kama wuta: metan ta tashi a wuri ɗaya, ƙarfinta ya ɗaga ƙurar da ke kwance a kan hanyoyi, wutar ta bi ƙurar daga wannan lungu zuwa wancan. Daga baya aka soma barbaɗa garin dutse a hanyoyin domin ya kashe mata ƙarfi.

Wutar ce take kashe mafi yawan mutanen?

Sau da yawa ba ita ba ce. Bayan fashewa ramin yakan cika da iskar kabon monoksaid, wadda ke hana jini ɗaukar iskar numfashi, har akan tarar da mahaƙa a zaune sun cika ba tare da ko ƙuna a jikinsu ba. Likita John Scott Haldane ne ya bincika wannan a shekarun 1890, kuma shawararsa ce ta sa aka fara shiga da kanari cikin keji, domin tsuntsun yakan faɗi kafin gubar ta kama mutum. A Benxihu ta China, ranar 26 ga Afrilun 1942, lokacin mamayar Japan, an kashe injinan iska aka rufe bakin ramin don a kashe gobara, alhali mutane na ciki. Mutum 1,549 suka rasu, adadi mafi girma da aka sani a tarihin haƙar kwal.

Wane bala'i ne ya fi girgiza Turai?

Na Courrières a arewacin Faransa, ranar 10 ga Maris 1906, inda mutum 1,099 suka mutu, cikinsu har da yara matasa da yawa. Abin da ya fi ƙona ran iyalai shi ne yadda aka yi saurin yanke ƙauna da neman masu rai, aka koma ga ceton ramin. Bayan kwana 20 sai ga mutum 13 sun fito da ƙafarsu, sun rayu cikin duhu a kan guzurin mamatan da naman dokin da ke ja musu kaya, sannan kwana huɗu bayan haka aka sake samun wani. Yajin aiki mai zafi ya barke a yankin, kuma da wuya mai hankali ya ga laifin waɗanda suka ajiye aiki.

Ƙaddara ce, ko sakaci?

Mutuwa tana da ajalinta, amma wannan bai wanke mai rami ba. A Hartley ta Ingila a 1862, ƙarfen injin tsotse ruwa ya karye ya faɗa cikin rijiyar shiga, wadda ita kaɗai ce ƙofar ramin, mutum 204 suka mutu. Da an kashe kuɗin haƙa ƙofa ta biyu, da akasarinsu sun fito. A shekarar ne doka ta wajabta ƙofa biyu. Haka ma sai da ruwa ya ci yara 26 a ramin Huskar na Ingila a 1838 kafin dokar 1842 ta hana mata da yara maza 'yan ƙasa da shekara 10 aiki a ƙarƙashin ƙasa. A Senghenydd ta Wales mahaƙa 439 suka mutu a 1913, amma tarar da aka ci manajan fam 24 ce, ta kamfanin kuma fam 10.

Afirka fa?

A Coalbrook ta Afirka ta Kudu, ranar 21 ga Janairun 1960, ginshiƙan kwal da aka bari su riƙe rufi suka ruguje a kan mutum fiye da 430, yawancinsu baƙaƙen fata 'yan ci-rani daga Lesotho da Mozambik. Rufin ya riga ya fara zubewa tun kafin nan, amma aka mayar da mutane bakin aiki, kuma har yau gawawwakinsu na ƙarƙashin ƙasa. A Wankie ta Rodeshiya, wato Hwange ta Zimbabwe a yau, fashewa ta kashe fiye da mutum 420 a watan Yunin 1972.