Fina-finan da aka ɗauko daga labaran Lovecraft: amsar tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Duk wanda ya kalli fim ɗin Color Out of Space na 2019 ya kasa barci sai ya zo da tambayoyi iri ɗaya da na wanda ya riga shi. Na haɗa su wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Fina-finan aljanu ne?

A'a. Aljanin fim ya san da zamanka, yana da abin da yake nema a wurinka, kuma akwai mai iya korarsa. A irin fina-finan Lovecraft, abin tsoron ya girmi ɗan Adam da miliyoyin shekaru, daga can cikin taurari ya zo ko daga ƙarƙashin teku, kuma bai ma san kana nan ba. Ba ƙiyayya ke sa ya hallaka ka ba. Kamar mai tafiya ne ya taka tururuwa bai waiwaya ba. Wanda ya tsira da ransa yakan rasa hankalinsa, saboda ya gano abin da ƙwaƙwalwa ba ta iya ɗauka.

Wane ne Lovecraft ɗin?

H. P. Lovecraft marubucin Amurka ne. An haife shi a birnin Providence a 1890, ya mutu a can a 1937 cikin talauci. Yawancin labaransa a mujallu masu arha suka fito, musamman Weird Tales. Ba shi ya fara ba: Arthur Machen, Algernon Blackwood da William Hope Hodgson na Birtaniya duk sun riga shi, shi da kansa ya yaba musu.

Gaskiya ne Necronomicon littafin tsafi ne da wani Balarabe ya rubuta?

Ƙarya ce, kuma ku daina yaɗa ta a WhatsApp. Lovecraft ne ya ƙirƙiri littafin a cikin labaransa, ya ƙirƙiri marubucinsa Abdul Alhazred, sunan da ya laƙaba wa kansa tun yana yaro bayan ya karanta Dare Dubu da Ɗaya. Ya sha faɗa a wasiƙunsa cewa babu littafin. Wanda aka buga a 1977 da wannan suna, wasu ne suka haɗa shi daga baya don kasuwa. Ku kwantar da hankalinku.

Me ya sa ake cewa fina-finan ba su kai labaran ba?

Domin marubuci yana iya cewa abu ya fi ƙarfin kwatance ya wuce, mai karatu ya cike sauran da tsoronsa. Kyamara kuwa dole ta nuna wani abu. The Colour Out of Space na 1927, wanda mujallar Amazing Stories ta biya shi dala 25 kacal a kansa, labarin wani dutse ne da ya faɗo daga sama a gonar wani manomi, ya bar wani launi a cikin rijiya, launin da ido bai taɓa gani ba. 'Ya'yan itace suka yi girma amma suka yi ɗaci, dabbobi da mutanen gidan suka riƙa toka-toka suna marmashewa. To ta yaya za ka haska launin da babu shi? Die, Monster, Die! na 1965, wanda Boris Karloff ya fito a ciki, ya mayar da abin labarin dodo na yau da kullum. Darakta Richard Stanley, a fim ɗinsa Color Out of Space na 2019, ya zaɓi wani ja mai sirkin shunayya. Fim ɗin Jamus Die Farbe na 2010 ne a ganina ya fi dabara: an ɗauki komai baƙi da fari, sai wannan abu kaɗai aka ba launi, don haka idonka ma yana jin baƙo ne.

Da wanne zan fara, kuma zan iya kallo a falo tare da iyali?

Wannan ce tambayar da ba ta da amsa guda, kuma ita ce aka fi yi mata gaggawa. Ya danganta da abin da kake iya jurewa, da wanda ke zaune kusa da kai, da kuma ko tsoron kake nema ko jini.

Idan ka tambayi tsofaffin masu kallo, da yawa za su ce Re-Animator na 1985, na Stuart Gordon. Ya yi suna, ba na musu. Amma ban ba ka shawarar fara da shi ba, balle a gaban yara ko surukai: akwai tsiraici da wani wuri na rashin ɗa'a ƙwarai, ga jini kamar mahauta. Sannan labarin likita ne mai tayar da gawa, barkwanci ya fi yawa a cikinsa, bai taɓo wancan tsoro na ƙanƙantar mutum ba. From Beyond na 1986 da Dagon na 2001, duk na Gordon, sun fi kusa da ruhin abin, musamman Dagon da ya ɗauki labarin The Shadow over Innsmouth ya mayar da shi wani ƙauyen masunta a gaɓar tekun Sifaniya. Su ma dai akwai tsiraici, kuma a Dagon akwai wurin feɗe fuskar mutum da ransa. Na gaya maka tun yanzu.

Color Out of Space na 2019, da Nicolas Cage, shi ya fi sauƙin samu, ƙila ma shi ya kawo ka nan. Yana da kyau a wurare, amma zagi ya yi yawa, kuma abin da ya sami uwa da ƙaramin ɗanta a rabin ƙarshe ba abin da mai juna biyu ko mai raunin zuciya zai gani ba ne. The Thing na John Carpenter, 1982, wanda asalinsa labarin John W. Campbell ne na 1938, ya fi su duka iya gina zargi da fargaba: maza ne zalla a sansanin bincike cikin ƙanƙarar Antatika, ba wanda ya san wane ne har yanzu mutum. Babu batsa, amma yadda jiki ke tsagewa yana rikiɗa na iya hana ka cin abinci.

Don haka, idan dole sai na zaɓa, ka fara da The Call of Cthulhu na 2005. Minti 47 ne, baƙi da fari, ba magana sai rubutu a allo, an yi shi kamar a 1920 da wani abu aka ɗauka, kuma ya bi labarin sau da ƙafa. Sharaɗinsa haƙuri da iya karanta rubutun. Wanda ya saba da fim mai gudu zai iya gundura a minti goma na farko, wannan kuma ba laifinsa ba ne. In haka ta faru, ka nemi Matango na Japan, 1963, daga labarin Hodgson, inda waɗanda jirgin ruwansu ya lalace suka maƙale a tsibiri, yunwa ta tura su cin wani naman gwari mai mayar da mutum irinsa. Ko shi ma ka fara kalla kai kaɗai tukuna. Yaro ɗan ƙasa da sha biyar kuwa, ni ban ga dalilin nuna masa ko ɗaya ba.

Ba su saɓa wa addini ba?

Fatawa ta malamai ce, ku je gare su. Abin da zan faɗa shi ne Lovecraft bai yarda da Allah ba, kuma a kan tunanin cewa babu mai kula da ɗan Adam ya gina labaransa. Ka shiga da sanin haka. In ka ji zuciyarka ba ta natsu ba, ka kashe, ba abin da ka rasa.

An ce yana ƙin baƙar fata.

Ba "an ce" ba ne, haka yake, kuma ya wuce na yawancin mutanen zamaninsa. Yana cikin wasiƙunsa, yana cikin wata muguwar waƙa da ya rubuta a 1912, yana cikin The Horror at Red Hook. Har a The Call of Cthulhu da na ba da shawara, dubi su wa aka sa su zama masu bautar dodo. Nnedi Okorafor, marubuciya 'yar asalin Nijeriya, ta ci kyautar adabi ta World Fantasy a 2011, aka miƙa mata mutum-mutumin kan Lovecraft, ta fito ta rubuta yadda abin ya dame ta. A 2015 aka sanar da daina amfani da siffarsa. Raina yana ɓaci idan na ji ɗanmu yana kare shi da cewa zamani ne. Ka kalli fim ɗin, ka yaba gwanintar in ka ga dama, amma ka san da wa yake nufi idan ya ce gurɓataccen jini.

Yaushe At the Mountains of Madness na Guillermo del Toro zai fito?

Wannan labarin Lovecraft ne da darakta del Toro ya so mayarwa fim, amma kamfanin Universal ya janye daga aikin tun 2011, kan kuɗin da ya kai kusan dala miliyan 150 da kuma nacewar del Toro cewa fim ɗin na manya ne zalla. Hotunan talla da kuke turo min daga YouTube haɗin magoya baya ne. In kuna son hannunsa a kan Lovecraft, shirinsa Cabinet of Curiosities na 2022 a Netflix yana da kashi biyu daga labaransa, Pickman's Model da Dreams in the Witch House, kodayake wasu daraktocin ne suka ba da umarni.